Shirin Kewaya Duwatsun Wuta Cikin Kwana Uku

Ran nan a ajin Labarin Ƙasa na ba ɗalibaina na shekara ta biyu wani aiki. Na kafa musu taswirar wani tsibiri a jikin allo, na ce kowa ya ɗauka an ba shi mota guda da kwana uku, ya rubuto mini yadda zai kewaya tsibirin, da inda zai kwana, da abin da zai tsaya ya duba. Tsibirin nan kuwa shi ne Biyoko, wanda a da ake kira Fanando Po, can cikin teku kudu da Kalaba, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Na zaɓe shi ne domin duk cikin tsibiran da wuta ta gina babu wanda ya fi shi kusa da mu. Tsawonsa wajen kilomita 70 ne, babban dutsensa da ake kira Basile ya ɗara mita 3,000, rabonsa da aman wuta kuwa tun 1923. Hanyar mota ta tashi daga Malabo ta bi ta Luba da Riyaba ta komo Malabo, watau ta yi wa arewacin tsibirin zobe. Kudancinsa kurmi ne, akwai ma wani ƙauye can, Ureka, inda ruwan da ake yi a shekara ya kai kamar ninki goma na wanda muke samu a Bauchi.

Yara suka yi aiki mai kyau ƙwarai. Har wani ya tuna cewa mutanen wurin Sifaniyanci suke ji, ya ware kuɗin tafinta. Ina cikin yabonsu sai wata ɗaliba daga kujerar baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Allah gafarta Malam, mun kewaya tsibiri a takarda. To, wa zai kai mu? Ni fa ko Kogin Binuwai ban taɓa gani ba, ga shi kuwa baɗi za a ba ni aji a ce in koya wa yara dutse mai aman wuta." Aji ya fashe da dariya. Ni dai ban yi ba, don maganarta ta taɓa mini wani miki.

Mikin kuwa shi ne wannan. Bara na tafi duba wani ɗalibinmu wurin gwajin koyarwa a wata firamare ta bayan gari. Na tarar yana darasi a kan dutse mai aman wuta, ya zana shi a allo da jan alli, kyakkyawan zane. Da wani yaro ya tambaye shi ko akwai irinsa a ƙasarmu, sai ya nuna ta taga wajen duwatsun da ke kewaye da Bauchi, ya ce duk waɗannan a da wuta suke amaiwa. Yara arba'in suka rubuta. Ban ga laifinsa ba sosai, laifinmu ne mu da muka koya masa da hoto. Duwatsun Bauchi ba su taɓa aman wuta ba. Amma a maƙwabtanmu na kudu maso yamma, tafiyar yini guda, akwai waɗanda suka yi, suna nan tsaye da bakinsu da komai. Saboda haka na shirya za mu kai musu ziyara, na kuwa ga ya kamata in shimfiɗa shirin a nan, don duk malamin da ya fita daga kwalejin nan wata rana zai ɗebi yara ya kai su wani wuri, wuyar abin kuwa tana wajen shiri.

Kafin mu hau mota sai mu san abin da za mu nema. Can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi yakan narkar da dutse ya koma kamar talge. Narkakken dutsen nan ya fi na kewayensa rashin nauyi, don haka yakan yi ta neman hanyar hawa sama. Wani yakan gaji a hanya, ya tsaya can ciki, ya yi ta hucewa sannu sannu shekaru dubbai. Irin wannan in ka fasa shi sai ka ga ƙwayoyinsa manya manya, fari da baƙi da ja-ja, kamar an cuɗa tsaki da gishiri. Wani kuwa yakan sami kafa ya ɓullo waje, iskar da ke cikinsa ta tunkuɗo shi kamar yadda lemon kwalba ke yi in an girgiza an buɗe. Wannan shi ne aman wuta. Da ya fito sai ya huce nan da nan, ƙwayoyinsa ba su sami sukunin girma ba, sai ka ga dutse baƙi wuluk, mai laushin ƙwaya, wani ma duk jikinsa ramuka kamar cikin waina, gurbin iskar da ta fice. Wanda ya riƙe wannan bambanci, ko ina aka jefa shi yana iya ɗaukar dutse ya faɗi ko a ciki ya huce ko a waje.

Duwatsunmu na Bauchi na ciki ne. Sun huce a ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke bisansu har suka bayyana. Kada kuwa a raina su don ba su yi wuta ba. Akwai wani iri a cikinsu, kore-kore mai duhu in an fasa shi sabo, wanda wani Bature mai binciken duwatsu, Falconer, ya ba da labarinsa a 1911, sa'an nan a shekarun 1960 Farfesa Oyawoye ya bincike shi ya raɗa masa sunan garin nan. Har yau a littattafan ilmin duwatsu na duniya da sunan Bauchi ake kiransa. Saboda haka zangonmu na fari a gida yake. Za mu biya wurin masu fasa dutse kowa ya ɗauki ɓallin dutsen garinsa ya sa a aljihu, shi ne ma'aunin da za mu riƙa gwada sauran da shi.

Yanzu sai zaɓen hanya, a nan ne kuwa na taɓa shan kunya. Wata shekara can baya na ɗebi ɗalibai muka yi gabas. Na rubuta wurare tara a takarda, har da Dutsen Tangale na wajen Kaltungo da Tafkin Tila na kusa da Biu, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutsen wuta, duka wai cikin yini biyu. Na auna nisa da zare a kan taswira, na raba da gudun mota, lissafi ya fita daidai. Ashe taswira ba ta nuna shingen hanya, ba ta nuna salla, ba ta nuna cewa mutum talatin in sun sauka daga mota sai an yi rabin sa'a ana kiran sunaye kafin su koma. Taya ta fashe mana bayan Alkaleri, ta safiya kuwa ba iska. Muka isa ƙasar Tangale rana ta faɗi, yara suka hangi dutsen kamar inuwa, wani ya tambaye ni ko hadari ne. Tila kuwa ko hanyarta ba mu kama ba. Muka komo da kuɗin mutane a ƙone, ba ko tsakuwa guda a jaka. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, ni kuwa na biya kuɗin wannan karatu.

To, wannan karo wurare huɗu kaɗai na yarda da su, na kuwa jera su yadda hanyar da kanta za ta zama darasi. Za mu fita ta yamma mu hau tudun Jos, mu gangara kudu maso gabas ta Mangu da Panyam da Pankshin da Langtang har Wase, sa'an nan mu komo gida ta Bogoro da Tafawa Balewa da Dass. Ku duba taswira, za ku ga zobe ne sosai, kamar na Biyoko, sai dai namu tsibirin a kan tudu yake. Duka kewayen tsakanin kilomita 500 ne da 600. Motar haya cike da mutane da kaya, in aka haɗa da tsaye-tsaye, ban lissafa mata fiye da kilomita 45 a sa'a ba, ko direba ya rantse. Kun ga ke nan zaman mota kaɗai ya kai sa'a goma sha biyu ko sha uku. Da farko yini uku na nema a ofis. Da na yi wannan lissafi sai na koma na roƙi yini huɗu, kwana uku a waje, daga Litinin zuwa Alhamis, don kada mu taɓa Jumma'ar wasu ko Lahadin wasu. Abubuwa da yawa na yanke, raina bai so ba. Akwai wurin da baƙin dutse ya daskare ya tsattsage ginshiƙi ginshiƙi a Kahwang, ƙasar Riyom, ga kuma gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952. Duka na bar su sai wata shekara.

Ran Litinin za mu tashi da bakwai na safe. Daga Bauchi zuwa Jos kamar kilomita 130 ne. Kafin a kai Toro za mu tsaya gindin Dutsen Zaranda, wanda kowa ke wucewa ta gabansa ba ya ko ɗaga kai. Shi da manyan duwatsun Jos 'yan zamani guda ne, sun ɗara shekara miliyan 150, masana kuwa sun ce saiwoyin waɗansu manyan duwatsun wuta ne waɗanda kawunansu suka zaizaye tun tuni. Watau a Zaranda muna kallon murhu ne bayan an ɗauke tukunya. A jikin irin waɗannan duwatsu kuza ta samu, ita ce ta jawo Turawa suka haƙe tudun Jos, kududdufan da za ku gani wajen Bukuru da Barikin Ladi duk gurabun haƙar ne. Kada wani ya ce mini bakin dutsen wuta ne, don na san za a faɗa. Af, ga wani abu da ya kamata Babauce ya sani. Har 1926 ƙasar Jos cikin Lardin Bauchi take, tsofaffin taswirori Tudun Bauchi suke kiranta. Har ƙaramin jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya ya hau tudun a 1914, aka daina aiki da shi a 1957, da sunan Bauchi ake kiransa, alhali bai taɓa shigowa garin nan ba. Ba baƙunta za mu je ba ke nan sosai.

A wannan rana kowane ɗalibi yana da aiki guda ban da kallo. Za mu tafi da ma'aunin zafi, a duba shi a inuwa a Bauchi, a Tilden Fulani, a Jos, a rubuta tare da lokaci da tsawon wurin daga teku, wanda wayar hannu takan nuna. Bauchi wajen mita 600 take, Jos kuwa ta ɗara 1,200. Littafi ya ce kowace mita 1,000 da aka hau zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Sai mu gani ko littafi ya yi gaskiya, in kuwa lissafi bai fita ba, sai mu nemi dalili, don rana ma tana hawa muna hawa. Daga Jos zuwa Panyam kusan kilomita 100 ne, ina so la'asar ta yi mana a masauki.

Talata ita ce zuciyar tafiyar, ba za mu yi mata rowar lokaci ba. Daga Panyam zuwa Kerang da Ampang akwai jerin ƙananan duwatsu, sun yi sahu kamar an ja musu igiya, domin ta tsaga guda wutar ta riƙa ɓullowa. Ko daga mota mutum ya gane su. Dutsen Bauchi curi curi ne, manyan ƙwallaye wani kan wani. Waɗannan kuwa sumul suke, kamar an kife ƙwarya, ko kuwa tsibin gero a masussuka, ciyawa ta rufe su har ƙoli. Yara ne ƙanana in an gwada da namu, don ba su cika shekara miliyan 3 ba, shi ya sa ruwa bai ɓata musu kama ba tukuna. Ba a taɓa rubuta labarin amansu ba tun da mutane suka fara rubutu a ƙasar nan.

Sa'ad da na je leƙen hanya, don ba na sake ɗibar yara zuwa inda ƙafata ba ta taka ba, na hau ɗaya daga cikinsu da wani dattijo Mwaghavul da mai unguwa ya haɗa ni da shi. Hawan bai kai sa'a guda ba, amma tsakuwar tana zamewa ƙarƙashin ƙafa kamar gawayi, ja da baƙa, marar nauyi, duk huda. Da muka kai bisa sai na ga ashe ƙolin ba tsini ba ne, kwari ne zagayayye kamar akushi, gefe guda ya ɓalle. Ta wannan ɓallen ne narkakken dutse ya kwarara ya malale fili. Na tsaya ina bin sawunsa da ido, sai na lura duk inda ya bi nan gonaki suka fi duhu. Na tambayi dattijon, na ce, "Baba, me ya sa kuka matsu a nan, ga fili can?" Ya yi murmushi ya ce in ɗebi ƙasar in murza. Na ɗiba. Ja ce mai duhu, mai maiƙo, tana kama hannu. Baƙin dutsen nan in ya ruɓe yakan ba da ƙasa mai ƙarfi wadda ke riƙe ruwa, ita ce ke ciyar da masara da dankalin Turawan da ake lodi daga ƙasar Mangu zuwa kasuwanninmu. Wannan shi ne amsar tambayar da yara kan yi kullum, wai me ya sa mutane ke zama gindin dutsen wuta a Italiya da Indonesiya. Abin da ya zaunar da Mwaghavul shi ya zaunar da su. A Biyoko ma irin ƙasar nan ce ta yi kokon da ya ja dubban 'yan Nijeriya zuwa ƙwadago, har suka komo gida a 1975 da 1976.

Ruwa ma haka. Tsakuwar nan mai huda takan shanye ruwan sama kamar soso, ta tace shi, ya tsattsafo a gindin dutse garau. Ruwan kwalba na Swan da kuke gani a kanti daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura shi. Saboda haka wanda ya taɓa shansa ya riga ya ɗanɗana dutsen wuta bai sani ba.

Da azahar za mu isa Tafkin Pidong a Ampang ta Yamma. Shi tafki ne a cikin bakin dutsen kansa, ruwa ya taru inda wuta ta fito. A nan ina da doka guda wadda ba ta da roƙo: ba mai shiga ruwa, ko da ƙafa. Irin wannan tafki ba kamar kududdufin unguwa yake ba da ke zurfafa a hankali, gefensa a tsaye yake gangarawa kamar mazurari. A bakinsa ne kuma zan ba da labarin Tafkin Niyos na Kamaru, don labarin ya fi shiga in ana kallon ɗan'uwansa. A daren 21 ga Agusta 1986, wata iska marar launi marar wari, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ta daɗe tana taruwa a ƙasan tafkin daga cikin dutse, ta taso gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sai ta bi kwari tana gangarawa ƙauyuka. Mutum fiye da 1,700 suka mutu, yawancinsu cikin barci, da dabbobi wajen 3,500, da yawa shanun Fulani ne. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan. Niyos da Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, da Biyoko da Sawo Tome duk a layi guda suke, mai tsawon kamar kilomita 1,600, rabi a teku rabi a tudu, masana da yawa kuwa suna lissafa tudun Biu a reshensa na arewa. Kun ga ashe tsibirin da muka kewaya a allo danginsa sun iso har ƙofar gidanmu.

Kayan aikin wannan rana ba su da yawa. Guduma biyu, gilashin ƙara girma, mayen ƙarfe, da 'yan jakunkuna da takardar liƙawa. Mai fasa dutse ya sa tabarau, saura su ja baya. A duba sabon fashi da gilashi, a waɗansu za ku ga ƙwayoyi kore kamar fasasshiyar kwalba, waɗannan daga can zurfi suka zo. A ja mayen ƙarfe cikin baƙin yashin rafi a ga abin da zai kama. Kowane dutse aka ɗauka a rubuta masa wuri da rana nan take, don dutsen da ba shi da takarda in ya iso Bauchi ya zama abin jifan kare. Kada kuma a taka shuka, kada a hau inda masu wurin suka ce ba a hawa. Waɗansu duwatsun suna da alfarma wurin mutanensu, mu kuwa baƙi ne.

A Pankshin za mu kwana ran nan, garin da aka daɗe ana horon malamai, kowa ya zo da bargo. Na faɗa na kuma faɗa. Ɗan Bauchi yakan ɗauka ya san sanyi, sai ya kwana Pankshin.

Laraba sai gangara. Daga ƙasar Ngas za mu sauka ƙasar Tarok, ma'aunin zafi yana hawa muna cire riguna, har mu fita fili shimfiɗaɗɗe. Tun da sauran tafiya mai nisa za ku hango Dutsen Wase tsaye shi kaɗai, ba uwa ba uba, gefensa a miƙe kamar bango, tsayinsa ya ɗara mita 250 daga filin da ke kewaye da shi. Wannan shi ne tsibirinmu na gaske, sai dai tekunsa gonaki ne. Yadda ya samu kuwa, ku tuna masu zubin tukwanen dalma a kasuwa. Sukan zuba narkakken ƙarfe cikin gurbin yashi, in ya huce su kakkaɓe yashin, tukunya ta fito. To, haka. Narkakken dutse ya daskare a maƙogwaron wani dutsen wuta fiye da shekara miliyan 10 da suka wuce, ruwa ya wanke jikin mai taushi sarai, ya bar abin da ya toshe maƙogwaron a tsaye. Dutsen Tangale da ya gagare mu gani waccan shekara shi ma irinsa ne. Wanda ya ga Panyam jiya ya ga Wase yau, ya ga yaro ya ga tsoho, ba sai na yi dogon bayani ba. Wannan ne ya sa na ƙi juya zoben, ko da yake ta Dass ɗin ya fi kusa da Wase.

Ba hawansa za mu yi ba, ba ya hawuwa ga irinmu. Za mu bi gindinsa da yamma in rana ta yi sanyi, da ɗan jagora daga gari, kowa ya zana shi ta fuska biyu. An san ƙolinsa da kwasakwasa, manyan fararen tsuntsayen nan masu jaka a baki, yana cikin 'yan wuraren da suke ƙyanƙyasa a wannan yanki na Afirka. In mun yi sa'a mu gan su. Kafin wannan duka sai mun je gaisuwa fada, don Wase ta Bauchi ce a asali, Madakin Bauchi Hasan ne ya kafa ta wajen 1820, zamanin Sarki Yakubu. Alhamis da sassafe mu kama hanyar gida.

Saura magana biyu masu nauyi, lokaci da lafiyar hanya. Na zaɓi makon farko na Nuwamba. Da damina tsakuwar dutse santsi take, hanyoyin ƙauye kuwa laka. In kuma aka bari Disamba ta shiga, hazo yakan rufe komai, a je Wase a rasa Wase. Aibin Nuwamba ciyawa ce, ta yi tsawo ba a ƙone ba, don haka takalmi rufaffe dole ne, mai silifa a mota zai zauna.

Maganar hanya kuwa ba zan ɓoye wa kowa ba, don iyayenku za su tambaya, suna da gaskiya. Ƙasar Mangu ta sha rikici mai tsanani a 2023, an yi asarar rayuka da yawa, har a Janairun 2024 aka sa dokar hana fita. Yankin Wase ma ya sha fama da 'yan bindiga a ƙauyukan daji. Saboda haka takardu za su riga mu tafiya: zuwa fadar Mishkaham Mwaghavul, da fadar Sarkin Wase, da ƙananan hukumomi, da 'yan sanda, da makarantun da za su sauke mu. Saura mako guda zan buga waya ga masu masaukinmu, in kuma sake bugawa daren tashi. In mutanen wuri suka ce a dakata, an dakata ke nan, ko an biya kuɗin mota, sai mu yi Zaranda da Jos yini guda mu komo. Ba ma tafiyar dare ko ta halin ƙaƙa, magariba a masauki take riskarmu. Wanda bai kawo takardar yardar mahaifi ko miji ko mai riƙonsa ba, ba shi cikin mota.

Kuɗi kuwa, tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 mota ita ke cinye mafi yawan abin da aka tara. Na sa ɗalibai su yi lissafin da kansu: su tambayi direbobi uku a tasha lita nawa motarsu ke sha daga nan zuwa Jos, su auna da kewayenmu, su ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda ratse. Abinci mu za mu dafa, shinkafa da wake daga nan, dankali a saya can inda yake da araha. Za a ware wani abu a hannun ma'aji wanda ba a taɓawa sai taya ko asibiti, in bai ciwu ba a mayar wa masu shi. Tayar safiya kuwa ni da kaina zan danna ta da ƙafa kafin mu fita ƙofar kwaleji.

Motar mutum talatin take ɗauka, da malamai biyu, namiji da mace. Kowa zai komo da duwatsu huɗu masu takarda, na Bauchi, da na Zaranda, da na Panyam, da na gindin Wase, su ne zai tafi da su makarantar da aka tura shi. Mai so ya ba da sunansa a ɗakin Labarin Ƙasa kafin ƙarshen wata. Littafin sunayen yana hannun ɗalibar nan ta kujerar baya, na kuwa ga ta riga ta rubuta nata a layin farko.